Tayin da Aka Yi Sau Ɗaya

Shafi na 31

Masu cika min waya da saƙo wai na bar Malama tsaye a ƙofar ofis tun makon jiya, na ji ƙorafinku. Aiki ne ya sha min kai. To ga ta nan, ta ƙwanƙwasa.

*

Malama ba ta taɓa ganin Farfesa ido da ido ba sai yau. Shekara uku tana jin labarin matar a bakin mijinta, Farfesa ta ce, Farfesa ta hana, har ta ƙera mata siffa a rai, wata doguwa mai ɗaure fuska. Sai ga 'yar tsohuwa mai furfura cikin rigar sanyi da ta koɗe, tana cin tuffa a kan takardu.

"Ke ce matarsa," in ji Farfesa da Turanci. "Zauna mana."

Malama ta ɗosana a bakin kujera, ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi. Daga wajen wankin otal ta wuto nan kai tsaye, yatsunta duk sun yi fari, warin omo bai sake su ba. Mijinta bai san ta zo ba.

"Roƙo na zo yi," ta ce. "Tallafin karatunsa zai ƙare ƙarshen wata. In babu tallafi babu izinin zama, kin fi ni sani. Tumatirin da yake bincike a kai kuma sai ya ƙara shekara, tunda na bara sanyi ya kashe su. Ya ce min kwamiti ya zauna, sun hana shi kuɗin kammalawa. Shi ne na ce ko akwai wata ƙofa."

Farfesa ta ajiye tuffar.

"Wane kwamiti?"

"Na makaranta."

"Babu wani kwamiti. Gurbi ɗaya ne, ni nake bayarwa. Kuma shi na fara yi wa magana."

Malama ta ji kanta ya ɗaure.

"Kin yi masa magana?"

"Na kira su su biyu, shi da dogon yaron nan da ya kawo min. Na ce masa kai ka fi kusa da gamawa, naka ne in kana so. Ya ce a'a."

"Ya ce me?"

"Ya ce shi ba shi da damuwa, kuna lallaɓawa, abokinsa ma yana bukata. Har da murmushi."

"Sai kika ce masa me?"

"Sai na juya wajen ɗayan. Shi ya ce yana so."

Malama ta tambaya a hankali, ko da yake ta riga ta san amsar.

"Sau nawa kika tambaye shi?"

Farfesa ta dube ta ta saman tabarau.

"Sau nawa kuma? Babban mutum ne. Na tambaye shi, ya ba ni amsa."

Nan take Malama ta gane komai. Ta san wanda take aure. Mutumin da ko ruwa ka miƙa masa yana cikin ƙishi sai ya ce ya ƙoshi, sai ka sake, ka kuma sakewa, ka haɗa da Allah da Annabi, sannan ya karɓa kamar shi ke yi maka alfarma. Haka aka raine shi, ita ma haka aka raine ta. A gida kowa ya san a'ar farko ta ladabi ce, ba a kama ta. Shi ne ya ɗauko wannan hali ya kawo ƙasar da ake tambaya sau ɗaya a rufe magana.

"An riga an gama ke nan?" ta ce.

"Na tura sunan ɗayan ofishin kuɗi, amma ba su rufe ba sai farkon mako. In shi da kansa ya janye, zan iya canzawa. Ba zan ƙwace daga hannun ɗalibi ba don matar wani ta zo ta yi min magana, kin gane? Kuma sai mijinki ya faɗa min da bakinsa." Farfesa ta cire tabarau ta murza idonta. "Ban san kuna cikin matsi ba. Kullum na tambaye shi ya gida, sai ya ce lafiya lau."

"Haka muke cewa," in ji Malama.

Ta yi godiya ta fito. A bas ba ta yi kuka ba, gajiyar ta wuce ta kuka. Ta jingina kanta da gilashi har tashar gidansu.

*

Ta same shi a tsakiyar falo, kwalaye sun kewaye shi. Littattafai yake warewa, na tafiya gida a dama, na bayarwa a hagu. Yarinyarsu ba ta dawo daga makaranta ba. Wankin jiya na nan rataye a jikin hitar ɗumama ɗaki, bai bushe ba.

Dakta kowa ke kiransa. Tun ranar da ya hau jirgi 'yan uwa suka laƙaba masa, har mahaifiyarsa ta daina kiran sunan da ta raɗa masa. Digirin kawai ake jira ya biyo sunan.

"Sannu da zuwa, Malama. Yau kin yi yamma."

"Daga wajen Farfesa nake."

Littafin da ke hannunsa ya tsaya a iska. Bai ɗago ba.

"Wace Farfesa?"

"Guda nawa gare ka?"

Ta cire takalmi ta zauna a hannun kujera. Bayanta ya riƙe, ta sa hannu ta danna.

"Dakta, su wa da wa ke cikin kwamitin nan?"

Ya juya littafin a hannunsa.

"Ina son in san sunayensu ne, in riƙa sa su a addu'a."

"Malama, don Allah."

"Ta ce ta ba ka, ka ce a'a."

Ya ajiye littafin a hankali, ba a dama ba, ba a hagu ba. Ya zauna daɓas a kan kwali.

"Ba haka abin ya faru ba."

"To yaya ya faru?"

"A gaban yaron nan ta tambaye ni. Dogo yana zaune ga shi ga ni. Ni na kawo shi ƙasar nan, ni na kai shi wajenta. Mahaifiyarsa ta kira ni ta ce ga amana. Kin san hukumar da ta turo shi ta daina biya, kin san dakon kaya yake yi a sito. A gabansa zan buɗe baki in ce ni dai a ba ni?"

"Sai ka ce ba ka so."

"Na ce ina lallaɓawa. Na zaci zai ce haba Yaya, kai ne gaba. In ce a'a, ya ce wallahi, ita kuma ta sake tambaya." Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Na jira, Malama. Har gyara zama na yi. Na shirya abin da zan ce in ta sake. Sai na ji ya ce na gode. Ita kuma ta ce madalla, ta juya kan kwamfuta."

Da wani ne ya ba ta wannan labari a kan mijin wata, da ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta hango shi zaune, ya gyara kwalar riga, yana jiran tayi na biyu daga matar da ba ta san ana yi ba. Tausayinsa ya kama ta, amma haushinsa bai sake ta ba.

"Washegari me ya hana ka komawa?"

"In ce mata me? In ce jiya wasa nake yi?"

"Ka ce kana so. Kalma biyu ce."

"In ƙwace daga bakin ƙanena?"

"Sai ka ƙwace daga bakin 'yarka, ya fi sauƙi."

"Malama."

"Ka zo ka zauna a nan, a kan kujerar nan, ka ce min kwamiti. Na kwana ina yi wa mutanen da babu su Allah ya isa. Na yi azumi, Dakta. Na je wajen aiki da azumi, ina ninke zanin gadon mutanen da ban sani ba, ina roƙon Allah ya karkato da zuciyar kwamiti."

"Kunya ce ta hana ni faɗa miki."

"Na sani. Kunyar ce ta kawo mu nan."

Ya yi ƙasa da kai. Ta dubi ƙeyarsa, ta ga furfurar da ba ta nan lokacin da suka zo. Ta san irin wahalar da ya sha a ɗakin gilashin da yake rainon tumatirinsa, yana auna ganye ɗaya bayan ɗaya, yana dawowa da ƙasa a farce. Ba malalaci ba ne, kuma bai taɓa yi mata rowa ba. Wannan ya sa abin ya fi yi mata ciwo.

"Za mu koma gida," ya ce a hankali. "Ba mu ne farko ba. Zan koma koyarwa, in Allah ya so wata rana..."

"Ka koma ka ce wa Hajiya me? Ta daina kiran ka Dakta?"

"Za ta fahimta."

"Ni fa? Ni an tambaye ni ko zan fahimta?"

Ya ɗago.

"Na bar ajina, na bar ɗalibaina. Takardar shiga digiri na biyu tana hannuna lokacin da naka tallafin ya fito, ka tuna?"

"Na tuna. Ai na ce ki tsaya ki yi naki, zan tafi ni kaɗai. Ke kika ce a'a."

Malama ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ba ta taɓa nufin faɗin wannan magana ba, ko da a kan gadon mutuwa. Amma yau ba ta da ƙarfin riƙe komai.

"Sau ɗaya ka faɗa."

"Na'am?"

"Sau ɗaya ka ce in tsaya. Na ce a'a, kai ka fara. Ni ma na jira, Dakta. Sai ka ce Allah ya yi miki albarka, ka tashi ka tafi neman biza."

Ya dube ta.

"Ban sani ba," ya ce.

"Ka sani. Kai da ka san kan tayi fiye da kowa. Ranar dai ya yi maka daɗi ka ɗauki a'ar farko."

Bai musa ba. Idonsa ya kawo ruwa, ya juya wajen taga. Ita kuma ba ta ji sanyin da ta zaci za ta ji ba in ta faɗa. Gajiya kawai ta ƙaru.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Dogo ne," ya ce da dasasshiyar murya. "Na ce ya zo ya taya ni ɗaure kwalaye."

"Shi ka kira ya ɗaure maka kaya?"

"Wa nake da shi?"

Ta tashi ta buɗe.

Dogo ya sunkuyo ya shigo, da ledar lemo a hannu da igiya a kafaɗa. Watanni ya yi yana kwana a doguwar kujerar falon nan lokacin da ya zo, ƙafafunsa na reto a waje, har yau wurin kansa a lotse yake. Tun ranar ofishin Farfesa kuwa ya ɗauke ƙafa, sai dai gaisuwa ta waya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya durƙusa. "Anti, ina wuni."

"Lafiya lau. Daga wajen Farfesarku nake."

Ya sha jinin jikinsa. Ya dubi Dakta, Dakta na duban taga. Ya ajiye ledar a ƙasa kamar mai tsoron kada ta yi ƙara.

"Zauna," ta ce. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da Yayanka ya ce ba ya so, ka san ba har zuciya ba ne?"

"Malama, ki bar yaron nan," in ji Dakta.

"Ba da kai nake ba."

Dogo ya zauna a ƙasa, ya haɗa gwiwoyinsa.

"Na sani, Anti."

"Ka sani."

"Na sani. Na ji haba Yaya ta zo min har nan." Ya taɓa maƙogwaronsa. "Sai na ga in na faɗa, zai ce haba Dogo, in ce wallahi, ya ce tallahi. Matar nan ba za ta zauna jiran mu ba, akwai wasu ɗalibai a waje. Na ce kada mu yi ta turawa juna ya faɗi a hannun bare."

"Don haka ka taimaka ka karɓa."

"Ba haka kaɗai ba ne." Ya haɗiye yawu. "Na gaji, Anti. In tashi daga sito in wuce ɗakin gwaji, in yi barci a tsaye. Rannan na zuba wa shuke-shuken wani maganin da ba nasu ba. Da ta ce gurbi, kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta so ta tsane shi. Tun a bas take haɗa maganganun da za ta yaɓa masa, irin waɗanda ba a mantawa. Yanzu ga shi a gabanta da tafin hannu duk kanta, sai ta ga ƙaninta kawai, wanda ta sha zuba wa abinci tana cewa ƙara mana. Babu mugu a falon nan, gajiyayyu ne su uku.

Dogo ma ɗan gida ne, tarbiyya ba ta bar shi ya tashi haka ba. Ya juya wajen Dakta, ya sassauta murya.

"Yaya, tun ranar ban samu sukuni ba. In kana so in janye, sai in janye. Kai ne gaba."

Malama ta ga idonsa lokacin da yake faɗa. Idon wanda ya riga ya san amsar da za a ba shi ne. Ta ga mijinta ya gyara zama, ya ɗaga hannu, murmushin nan ya fara fitowa.

"Haba, Dogo, ai..."

"Muna so," in ji Malama.

Duka biyun suka juyo.

"Muna so, mun gode. Allah ya saka da alheri."

"Malama, wace irin magana ce wannan?"

"Tayi ya yi, na karɓa. Ko ba da gaske kake ba, Dogo?"

Dogo ya yi tsuru-tsuru. "Da gaske nake, Anti, amma..."

"To madalla. Farfesa ta ce ba a rufe ba sai farkon mako. Ta ce in ka janye za ta canza." Ta ɗauki wayar mijinta daga kan kwali ta miƙa masa. "Amma sai ta ji daga bakinka."

Bai karɓa ba.

"Kina so ki zubar min da girma a gaban yaro."

"Girman nan shi muke ci tun da muka zo, bai ƙosar da kowa ba. Ni ba zan sake tambayar ka ba, Dakta. Na koyi halin mutanen nan. In ka ce a'a yanzu, zan ɗauka a'a ce, in je in ɗauko 'yata a makaranta, in dawo in taya ku ɗaure kwalaye. Ba za ka ƙara jin maganar a bakina ba. Ba wannan kaɗai ba, maganganu da yawa."

Ba ta ɗaga murya ba. Hannunta na miƙe da wayar.

Ya dubi fararen yatsun, ya daɗe. Sannan ya karɓa. Ya nemo lambar, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji, ya ɗora wayar a kan gwiwarsa. Ta yi ta ringin. Dogo ya sunkuyar da kai, yana murza igiyar da ya zo da ita.

"Ina ji," in ji muryar Farfesa.

"Farfesa, ni ne." Ya yi gyaran murya. "Ya aiki? Ya... ya gida?"

"Lafiya. Me ya faru?"

Gumi ya tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyi. Malama ba ta taɓa ganin abu ya yi wa mutum nauyi a baki haka ba.

"Rannan da kika tambaye ni, ban faɗa miki gaskiya ba. Ba ma lallaɓawa. In babu tallafin nan ba zan gama ba." Ya rufe ido. "Ina so."

Malama ta dafa bango.



"Da ka faɗi haka tun farko, da an wuce wurin," in ji Farfesa. "Amma yanzu ba naka ba ne, na abokinka ne. Yana kusa?"

"Ga shi nan."

"Ba shi wayar. Ka gaya masa ba dole, ba zan riƙe shi a rai ba ko me ya zaɓa. In ya janye kuma ba ni da wani gurbin da zan ba shi, ya san da wannan. Sau ɗaya zan tambaya, abin da ya ce shi zan rubuta."

Dakta ya ɗaga wayar ya miƙa.

Dogo ya dubi wayar, ya dubi Yayansa, ya dubi Anti.

"Kana ji na?" in ji Farfesa. "Ka janye ko kana riƙe da shi?"

Hannun Dogo bai bar kan igiyar ba.